Ledar biskit da ta cips: kurakuran da muke yi wajen buɗe su

Jama'a, ledar nan da kuke ganin tana ba ku wahala ba mugunta masu kamfani suka yi ba. Ku duba tafiyar da kayan nan suke yi kafin su iso butik ɗin unguwa a nan Tawa, wasu daga Sakkwato ta Illela da Ƙonni, wasu daga bakin teku sai sun yi fiye da kilomita 1000 a bayan kamyo, an danne su da kwali kan kwali, ga ranar watan Afrilu da zafi ke kai digiri 45, iskar da ke cikin leda tana kumbura. Bakin da aka manne da zafi a mashin dole ya jure duk wannan. Amma mai yin ledar ya bar wurin buɗewa, mu ne ba mu dubawa.

Abin da ya fi damuna haƙori ne. Yaro ya fito lekwal ya sayi biskit na dala ashirin, kafin ka ce me ya kai baki, kuma wallahi daga wurinmu manya ya gani. Ledar nan ta kwana a sito, ta sha ƙurar kasuwa, hannu nawa ya taɓa ta Allah kaɗai Ya sani, wani lokaci har ɓera ya bi ta kanta. Ga haƙorin gaba da ke iya ɓantarewa, ga guntun leda da ƙaramin yaro zai iya haɗiyewa ya shaƙe shi. Ruwan sashe ma haka, na san kowa da baki yake huda shi, to aƙalla a ɗauraye kusurwar tukuna. Guntun da aka ciza kuma kar a tofar a ƙasa, akuyoyinmu ne ke cinye leda ta taru musu a tumbi.

Sai masu kama leda ta tsakiya, hannu nan hannu can, su ja da iyakar ƙarfinsu. Ledar cips ba fata ɗaya ba ce, a ƙalla uku ce a manne: ta waje mai zane, ta tsakiya mai sheƙin alminiyam da ke tare haske da danshi, da ta ciki wadda take narkewa ta riƙe bakin. Ta wajen nan tana da wani hali, da wuyar fara yagewa, amma da ta fara ba ta tsayawa. Shi ya sa ka yi ta ja shiru, sai farat ɗaya ta tsage har ƙasa, rabin kayan a cikin rairayi. Gyaran shi ne ka riƙe kusa da bakin sosai, yatsu dab da inda aka manne, hannuwanka jingine da ƙirji, ka ja a hankali. Wanda ya fi wannan ma, duba gefen sama, za ka ga haƙora-haƙora kamar na zarto, ko wani ɗan yanka ƙarami a gefe. Ba ado ba ne. Duk ƙarfin da ka sa a lungun nan yake taruwa, yatsa biyu sun isa, hannu ɗaya gaba ɗaya baya.

In hannunka da mai ko gumi, goge shi tukuna, santsi ne kawai ke hana ka.

Akwai kuma samari masu matse leda ta fashe fau, wai ai iska ce aka cika don a cuce mu. Iskar azot, wato nitrojin, ce ake ɗurawa, ita ke korar oksijen da ke sa man suya ya yi ɗoyi, kuma ita ke hana cips ya zama gari a hanya. In ka matse, ba ka san ta inda za ta fashe ba, sau da yawa gindin ne ke buɗewa. Kuma wannan ya kamata masu saye su riƙe: ledar cips da ka tarar ta lanƙwame babu iska, ko bakinta ya buɗe ba wahala ko kaɗan, to ta huje tun a hanya, mayar wa mai butik ya canza maka.

Ba kowace leda ke yagewa ba fa. Ta ruwan sashe da ta yawur miƙewa suke yi, ka ja su yi tsawo, irin waɗannan sizo suke so. Uwar gida ki ajiye ƙaramin sizo a madafa saboda sashen tumatir da na madara, ki daina ɗaukar reza ko wuƙar yanka nama kina turawa wajen tafin hannunki. Robar nan mai tauri da ake rufe caja ko kwan fitila a ciki ita ma sizo, a bi gefe-gefe, don bakinta in ya tsage yana yanka mutum.

Kwalbar mayonez ko ta jam da murfin ya ƙi juyawa, ba a buga ta a siminti. Irin su jam da zafi ake zuba su, in sun huce sai murfin ya tsotsu ciki. Sa bakin cokali ƙarƙashin murfin ka ɗan ɗaga, za ka ji iska ta shiga, ko ka zuba wa murfin ruwan ɗumi.

Murfin kwalbar magani kam da gangan aka yi shi da wuya. A Amurka tun 1970 doka ta sa a riƙa yin murfin da yara ba sa iya buɗewa, sannan a 1982 mutum 7 suka mutu a yankin Shikago bayan wani ya sa guba cikin maganin ciwon kai mai suna Tylenol, daga nan aka fara manna takarda a bakin kwalba don a gane in an taɓa. Murfin siro irin wannan dannawa ake yi ƙasa sannan a murɗa. Kuskuren da iyaye ke yi shi ne in sun sha wuya sau ɗaya sai su bar shi a sake, ko su juye ƙwayoyin cikin wata leda. Don Allah a rufe har ya kama, a ɗora sama inda hannun yaro ba ya kai. In kuma ka sayo a farmasi ka tarar takardar bakin a yage, kar ka ba kowa, koma da shi.