Ga mai zanen manhaja da ya sauka Yamai: ta yaya za a san da kai?

Ƙanena, sannu da hanya. Na san ka iso da kwamfuta cike da zane-zanen da ka yi a Figma, manhajar zana fuskar manhajoji, kana jin da zarar ka ɗora su a Behance, shafin da masu zane ke baje aikinsu, waya za ta fara ƙara. Ni ma haka na zata da na taso daga Katsina. Wata uku na yi a garin nan ba wanda ya ce mini ci kanka.

Masu ba da aikin UX, wato tsara manhaja yadda za ta yi sauƙin amfani, a Yamai ba su da yawa: kamfanonin sadarwa irin su Airtel, Moov da Zamani, masu aika kuɗi irin su Nita da Amana, ƙungiyoyin agaji, sai matasa masu sababbin kamfanoni. Abin da suke dubawa shi ne ko ka san mutumin da zai danna abin da ka zana. Saboda haka kafin ka tallata kanka, shiga kasuwar Katako ko ta Wadata ka zauna da 'yan kasuwa, ka ga yadda suke riƙe salula.

A can za ka ci karo da lissafin dala. Dala ɗaya sefa 5 ce. Mai tumatir za ta ce maka "ashirin", nufinta sefa 100, jika kuma sefa 1000 ce. To manhajar da ta rubuta mata 100 fa, me ta karanta? Da yawa ma ba sa karatun boko, saƙon murya na WhatsApp da lambobin USSD, waɗanda ake dannawa da * da #, su ne abin hannunsu. Ka zana shafin biyan kuɗi da ya warware wannan, ka gwada shi a hannun mutum biyar ko shida, sannan ka rubuta labarin aikin: inda suka rikice, abin da ka gyara, abin da har yanzu ya gagare ka. Wannan rubutu guda ya fi kyawawan hotuna talatin janyo maka kira. Ni dai shi ya fara kawo mini aiki.

Ƙananan abubuwa ma suna tona asirin baƙo. Lambar waya a nan takwas ce, ba sha ɗaya ba. Ana raba dubbai da fili, 10 000, irin na Faransanci. Hausar Nijar tana rubuta ƴ inda muka saba da 'y, kuma ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ ba.

Sai harshe. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma na aiki, amma takardun ofis har yau Faransanci ne ya fi yawa a cikinsu. Ka rubuta shafinka na LinkedIn da Faransanci, ka ba wanda ya iya ya duba maka. Ka koyi gaisuwar Zabarmanci ko da "fofo" ce, Yamai garinsu ne.

Kuma ka fita. Leƙa CIPMEN, cibiyar renon ƙananan kamfanoni, duk lokacin da ake taro. Ƙetara gadar Kennedy zuwa Jami'ar Abdou Moumouni, ka nemi ɗaliban kwamfuta ka koya musu Figma na awa biyu kyauta, gobe su ne za su ambace ka a ofisoshi. Kada ka raina fadar unguwarku, wato majalisar masu shan shayi, a kan shayi na biyu ake cewa "ai akwai wani yaro da ya iya abin nan".

Idan ka gama wa wani aiki, nemi izininsa tun kafin a yi sallama cewa za ka nuna shi, ka roƙe shi layi biyu na shaida a rubuce. Bayan wata ɗaya samunsa a waya sai an sha wuya.