Yadda za ki tabbatar 'yan tsakinki na zakaran da kika zaɓa ne

Bara na aika ƙanena kasuwar Mai'aduwa ya sayo mini wani jibgegen zakara ja, na sake shi cikin kajina bakwai a nan gidanmu Daura. Da aka yi ƙyanƙyasa, sai ga 'yan tsaki wake-wake, sak ɗan zakaran maƙwabtanmu mai haurowa ta katanga. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Sai daga baya wani malamin dabbobi ya warware mini zare da abawa.

Ashe kaza tana da ma'ajiya a cikin hanyar ƙwanta, wasu ƙananan aljihuna da take adana maniyyin zakara. Barbara ɗaya kan ishe ta kwana 10 zuwa 14, wani lokaci har mako 3. To kin ga, ranar da sabon zakara ya shigo, na tsohon yana nan daram.

Don haka ki fara da killace kajin a akurki, inda babu zakaran da zai kai gare su, mako 3 cur. Ƙwan da suka saka a lokacin ki soya wa yara ko ki sayar. Sannan ki shigar da zakaranki shi kaɗai, kada kajin su wuce 10. Ki bar kwana uku ko huɗu kafin ki fara tara ƙwan kwanci.

Wajen zaɓen zakara ne nake so ki natsu, don kaza ma tana da ta cewa. A 2000, masu bincike biyu a Ingila, Pizzari da Birkhead, sun nuna kaza kan fitar da maniyyin zakaran da ba shi da ƙarfi a cikin garke jim kaɗan bayan barbara, ta riƙe na shugaban. An kuma gano jikinta kan rage riƙe maniyyin ɗan'uwanta na jini, ya fifita na zakaran da ƙwayoyin gadonsa na garkuwar jiki suka bambanta da nata. Ikon Allah ke nan, yana kare zuriyar daga rauni. Ni shi ya sa na daina barin ɗan da kazata ta ƙyanƙyashe ya zama uban garke, komai kyansa. Musaya nake yi da wata ƙawata a Sandamu, zakara da zakara. Kuma kada ki haɗa biyu a akurki ɗaya, in kika yi haka kin fitar da zaɓin daga hannunki.

A kwana na 7 da fara kwanci, ki shiga ɗaki da dare, ki haska kowane ƙwai da tocila. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo-gizo. Wanda ya fito fayau ki cire shi. Sauran ki mayar wa uwar, a kwana na 21 za ki ji kukansu.