Yadda za ka sa kwamfuta ta daina manta bolum ɗin da ka saita

Wallahi abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Da daddare ka rage bolum zuwa 25 ka kashe laptop, da safe ka kunna a shago sai ka ji ta ɓarke da ƙara kamar lasifikar 'yan talla a Kasuwar Barci, ko kuma shiru tsit kamar ba sifika a jikinta. Ni tawa ta hannu ce na saya, sai da na yi ta tono kafin na gano kan zaren.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Windows ba bolum ɗaya take riƙewa ba, kowace na'ura da nata. Sifikar laptop daban, iyafis daban, na Bluetooth daban, talabijin ɗin da ka haɗa da HDMI ma daban. To sau da yawa ba mantawa ta yi ba, tsalle ta yi ta koma wata na'urar da ba ka saita ba. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta mmsys.cpl, a Playback zaɓi wadda kake so ka danna Set Default, sauran da ba ka amfani da su kuma ka yi musu Disable kawai, ba za su lalace ba.

Kar ka rufe tukuna. Shiga Properties na sifikar, ka je Advanced, ka cire alamar da ke kan Allow applications to take exclusive control, don ita ce ke bai wa wata manhaja damar ƙwace sautin ita kaɗai. Sannan ka danna OK ka koma tagar farko, a Communications zaɓi Do nothing, domin asalin saitin shi ne Windows ta rage sauran sauti da kashi 80 da zarar ta ji kana waya ta kwamfuta, shi ya sa wa'azin da kake saurare ke nutsewa in kira ya shigo.

In duk ka yi wannan abin bai bari ba to zargi Fast Startup. Tun Windows 8 aka kawo shi a 2012, aikinsa shi ne in ka danna Shut down ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye wani ɓangare ne don ta tashi da sauri, kuma wasu direbobin sauti, wato manhajojin da ke haɗa Windows da sifika, ba sa jituwa da hakan. Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, ka danna rubutun Change settings da ke sama sannan ka cire alamar da ke kan Turn on fast startup. Za ta ɗan ƙara jinkirin tashi, ni dai ban ga asara ba.

Direban sauti ma yakan jawo matsalar, musamman na kamfanin Realtek bayan ofdet. Shiga Device Manager, ka buɗe Properties na na'urar sautin, a Driver ka danna Roll Back Driver don komawa tsohon direban, ko ka sauke na kamfanin da ya ƙera laptop ɗin.

'Yan Linux naku ya fi sauƙi, ku saita a alsamixer sai ku rubuta sudo alsactl store.

Sai masu desktop marar UPS, in an ɗauke wuta ta mutu ba shiri, saitin ƙarshe zai iya tafiya da ita, don haka ka saita ka yi Restart da hannunka sau ɗaya ka gani ko ya zauna. In kuma kwamfutar kafe ce ko ta bizines senta mai Deep Freeze, malam kar ka wahalar da kanka, an sa shi ne musamman don ya goge duk canjin da aka yi in an sake kunnawa, sai dai ka roƙi oga mai wajen ya buɗe ya saita maka.