Yadda Sabon Lauya Zai Fara Tsaya wa Waɗanda Kotu Ta Riga Ta Yanke wa Hukunci a Kano

Yawancin waɗanda suka fito daga makarantar lauyoyi ta Bagauda hankalinsu na kan shari'ar filaye da ta kamfanoni, can kuɗi yake. In kai zuciyarka ta karkata ga mutanen da ke zaman wa'adi a Kurmawa da Goron Dutse, ga ta inda za ka kama.

Fara da neman inuwa. Ka liƙe wa babban lauya da ya goge a ɗaukaka ƙara, ko ka nemi yin hidimar ƙasa a ofishin Legal Aid, hukumar da ke ba marasa galihu lauya kyauta. Da takardarsu, shiga gidan gyaran hali zai zo maka da sauƙi.

Ranar da ka zauna da ɗaurarre, kafin dogon labari, tambaye shi kotun da ta ɗaure shi da ranar hukuncin. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90 doka ta bayar a shari'ar laifi, daga can zuwa Kotun Ƙoli kuwa kwana 30 kacal. Sau da yawa za ka tarar lokacin ya shige. Kada ka sare: ana neman ƙarin wa'adi, amma sai da rantsuwa mai bayyana dalilin jinkirin, tare da hujjojin da ke nuna ƙarar na da makama.

Sai kwafin zaman shari'ar. Nan aikin yake, nan kuma ake gajiya. Je ka rajistara da ƙafarka, ka koma, ka sake komawa. Wayar tarho ba ta fito da fayil. In ya zo hannu, bi shi layi-layi da biro. An karanta masa tuhuma da harshen da yake ji? An ba shi tafinta, kamar yadda sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanada? Laifin mai hukuncin kisa ne amma aka yi zaman babu lauya? Ya ce dukansa aka yi ya sa hannu a bayanin 'yan sanda, alƙali bai tsaya ya binciki zancen ba? Irin waɗannan ke rushe hukunci, ba kukan iyaye ba, duk da za ka sha jin sa a ƙofar ofis.

Ba kowa ke buƙatar ɗaukaka ƙara ba. Wani tara ce ta gagare shi, a haɗa shi da masu biya wa ɗaurarru, musamman da azumi. Tsoho ko mai jinya da ya daɗe a ciki, rubuta masa takardar neman afuwar gwamna ƙarƙashin sashe na 212 na Kundin Tsarin Mulkin, ka haɗa da shaidar likita da rahoton halinsa daga jami'an gidan.

Dangi za su ce, "Barista, yaushe zai fito?" Faɗa musu matakin da ake kai da ranar zama na gaba, kada ka yanka musu rana.