Kafin ku kai littafin yara wurin bugawa

'Yan uwa ɗalibai masu haɗa wa 'yan firamare littattafai, ku duba haruffanku tukuna. Bara mun sha kunya, duk ƙ da ɗ da ɓ suka fito kamar 'yan akwatuna, ga shi an riga an buga. Ku sauke Andika, salon haruffa ne na SIL, wata ƙungiya mai aiki a kan harsuna, kyauta, don masu koyon karatu aka yi shi. Ku mayar da aikin PDF kafin ku miƙa wa mai shago.

Shafuka su zama 8, 12 ko 16, tunda takardar A4 in an ninke ta shafi huɗu take bayarwa. Sannan ku ba ɗan aji biyu ya karanta da ƙarfi, inda ya fara kame-kame nan za ku gyara.