Kurakuran da Yaranmu ke Yi Wajen Kaɗe Ganyen Roba

Roba ba ta yi a Zariya, kowa ya sani. Amma yaranmu da suka karanta aikin gona a Samaru kan tafi bautar ƙasa Edo, Delta ko Kuros Riba, a damƙa musu gonar roba, su tafka ɓarnar da na gaji da gani.

Babbar ita ce lissafin lokaci. Itacen roba da kansa yake zubar da ganye da rani, sannan ya yi toho. Ɗanyen tohon nan mai ja-ja shi cututtukan ganye Oidium da Colletotrichum suke ci. In ya samu mako biyu zuwa uku ya yi kauri, ya fi ƙarfinsu. Shi ya sa ake fesa maganin kaɗe ganye irin ethephon, gona duka ta zubar da wuri kuma a tare, toho ya ƙosa kafin ruwa ya sauka. Maganin ba ya kashe cutar, riga ta kawai ake yi.

To, Bazazzagi ya saba damina sai Mayu, alhali a birnin Benin na jihar Edo tun Maris ruwa ya kankama. A wata gona da na yi aiki, wani yaro ya ja feshi har ƙarshen Fabrairu, wai da sauran rani. Toho na fitowa ruwa ya tare shi, ganye ya yi baƙi ya sake zubewa. Itatuwan suka ƙarar da ƙarfinsu a toho na biyu, madarar roba ta ja baya, shekarar har albashinmu sai da ya yi tangal-tangal. Haba samari! Ba ku da bakin tambayar masu tsaga ɓawon itacen don tatsar madara, waɗanda aka haifa a wurin? Ni dai ba na barin Janairu ya yi nisa, ko da manaja zai ɓata rai.

Na biyu kwaɗayi ne: itace tsirara, ana ci gaba da tsaga shi, har da shafa masa ethephon a bakin tsagar don ya ƙara zuba. Haka ake busar da ɓawo, ka tsaga ko ɗigo babu. Ni hutu nake ba shi sai ganye ya yi kore shar.

Ƙananan itatuwan da ba su fara zubar da ganye da kansu ba, ku ƙyale su. Famfon goyo ba ya kai kan itace mai mita 20, asarar magani ce. Kada a yi feshi iska na kaɗawa, rogon maƙwabta ne zai sha. In kuma aka miƙo muku MSMA, wani maganin kaɗe ganyen, akwai gubar asanik a ciki, sai da safar hannu da takunkumi.