Ga masu shirin SAT: kashin farko shi ke raba hanya

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu neman karatu a Amurka daga su Ringim da Gumel, ku kula: SAT ta kwamfuta, wato jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, ba kamar JAMB ake lissafa makinta ba.

Turanci kashi biyu ne, kowanne tambaya 27 cikin minti 32. Lissafi ma biyu, kowanne tambaya 22 cikin minti 35. Ƙoƙarinka a kashin farko shi zai sa a ba ka na biyu mai tsauri ko mai sauƙi. In ka ga na biyu ya yi maka ruwa-ruwa, kada ka yi murna, domin mai sauƙin ba ya kai mutum 800, wato cikakken makin Turanci ko na Lissafi, ko da ya cinye duka. Shi ya sa ɗalibai biyu za su ci tambayoyi adadi ɗaya, makinsu ya bambanta: ana duba nauyin tambayar.

Kuskure ba ya rage maki, don haka kada ka bar gurbi. Kana iya komawa baya cikin kashi ɗaya, amma da zarar ya rufe, shi ke nan.

Ku yi gwaji a manhajar Bluebook, wadda a kanta ake yin jarrabawar. Wutar garuruwanmu kun san halinta, ku cika cajin kwamfuta a shagon caji tun daren jajibere.